Kwazazzabon da Ba Shi da Mazaɓa

Ni na tsara fom ɗin da hannuna, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na dai nema, ban samu ba.

Shekarar da aka ce ƙaramar hukumarmu ta fito da kundin ayyukan da za ta yi cikin shekara huɗu, ni ce mataimakiyar darakta a sashen tsare-tsare. Kafin lokacin, abin da muke kira tsari ba tsari ba ne, rububi ne. Duk mai ƙafa a sakatariya zai shigo da 'yar takarda a aljihu, ya ce a saka masa kwalbati a ƙofar gidan ƙanwar matarsa, kuma a saka. Wani aikin in ka fita nemansa, ko unguwar da aka rubuta ba za ka samu ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Da aka miƙo mini aikin sai na ce to, yau za a ga tsari. Na zauna na fitar da fom mai shafi ɗaya. Kowace mazaɓa ta tara jama'arta, su ɗaga hannu su zaɓi ayyuka uku da suka fi damun su. A saman fom ɗin akwai gurbi guda na sunan mazaɓa, a ƙasa kansila ya sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Aikin da bai shigo ta wannan ƙofar ba, babu shi. Ranar da aka rufe karɓa kuwa an rufe ke nan, ko uban wa ya aiko.

Wallahi na ji daɗin kaina. A ofis dama an san ni da baki, ba na iya haɗiye magana, mahaifiyata ma ta gaji da yi mini faɗa a kan haka tun ina budurwa. Sati biyu bayan an rufe karɓar fom, daraktana da kansa ya kira ni, ya ce akwai wata 'yar hanya da aka manta, in taimaka in cusa ta. Na san hanyar, na san gidan wa ta bi ta gabansa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, an rufe." Da na tsaya nan da sauƙi. Sai da na ƙara da cewa in muka fara buɗe wa surukai, gobe sai mu buɗe wa 'yan uwan surukai. Kuma a gaban mutum uku na faɗa. Ya dai gyara hularsa.

Kundin ya kammala, na raba ayyukan shekara-shekara. Na shekarar farko za a fara su da zarar majalisa ta amince, sauran su jira layinsu. Ranar Alhamis majalisar za ta zauna. In ciyaman ya sa hannu, an kulle, sai bayan shekara huɗu.

Ranar Litinin ta wannan satin, wajen ƙarfe goma, ina duba shafukan ƙarshe, sai na ji an yi sallama a ƙofa da muryar da na sani tun kafin in san kaina. Malamarmu ce ta aji huɗu a firamare. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta zo Samaru tana amarya lokacin da mijinta ya samu aiki a gonar gwaji ta jami'a, ta koyar har ta yi ritaya, mijin ya rasu, 'ya'yan suka watsu wuraren aiki. Ita ta koya mini riƙe alƙalami, da gefen rula. Ban san lokacin da na zagayo tebur na durƙusa ba, ni da ma'aikata ke tsoron shigowa ofishina. Ta ce in tashi, ta zauna, ta jingine lemarta da bango.

"An ce ke kika rubuta littafin ayyuka."

"Ba ni kaɗai ba ce, Malama."

"An ce ke ce. Buɗe mini inda aka sa kwazazzabon bayan gidana."

Na san gidanta, na san kwazazzabon. Muna yara 'yar ƙorama ce, tsallake ta muke yi da ƙafa ɗaya in za mu tsinko mangwaro. Na buɗe shafin mazaɓarta: transfoma, rufin azuzuwa, rumfunan kasuwa. Na ce wataƙila yana mazaɓar ƙetare, na buɗe nan ma. Babu. Na sake bi daga farko, ina lasar yatsa ina juya shafi, ita kuma tana kallona irin kallon da take mana in mun ce mun manta littafin aikin gida.

"Kada ki wahalar da kanki," ta ce. "Na san babu. So nake ki gani da idonki."

Ashe ta je taron. Ba ma ɗaya ba, duka biyun ta je. A taron mazaɓarta ta ɗaga hannu ta yi bayani, kansila ya ce Mama, yankinmu ya ƙare a bakin kwazazzabo, ramin na mutanen ƙetare ne. Da ranar taron ƙetaren ta zo, ta hau gadar katako da ƙafarta mai ciwo ta tsallaka, ta sake ɗaga hannu. Suka ce Mama, ai ba nan kike zaɓe ba, ki koma wajen kansilanki.

Na miƙe na ciro taswira daga saman kabad, na kaɗe ta, na shimfiɗa. Baƙin layin da ya raba mazaɓun biyu shi ne kwazazzabon kansa. Waɗanda suka shata iyaka tun da can sun ga 'yar ƙorama, suka ce ga iyaka Allah ya yi mana, suka bi ta da alƙalami. Ni kuma na zo na yi fom mai gurbin mazaɓa guda ɗaya tak. Abin da ke kan layi ba shi da inda zai rubuta sunansa.

Na ce mata, "Malama, ki ba ni zuwa Alhamis."

Ta ɗauki lemarta. "Ni ai ba ni ke da lokacin ba, 'yata. Ruwa za ki roƙa."

Bayan la'asar na ɗauki injiniyan sashen ayyuka, wani dattijo mai ƙarancin magana, muka tafi Samaru a tsohuwar motarsa. Damina ta riga ta sauka, an yi ruwa mai ƙarfi sau uku. Gidan ɗaki biyu ne, falo a gaba, ɗakin kwana a baya. Muka zagaya ta lungu. Subhanallahi! Ƙoramar da nake tsallakewa ta zama rami wanda in aka jefa motar haya ciki, daga sama ba za a ga rufinta ba. Jar ƙasa ce a tsaye, ruwa ya rarake ta ta ƙasa, ciyawar sama tana reto a iska. Bayin gidan ya tafi tun bara, rabin dakalinsa na hango can ƙasa. Wata bishiyar gwaiba ta karkace a baki, jijiyoyinta a waje. Mazan cocinsu sun jera buhunan yashi, Allah ya saka musu, amma ni da ba injiniya ba na ga ba za su hana komai ba. Na auna daga bakin ramin zuwa bangon ɗakin kwananta da ƙafata. Taku huɗu. A jikin bangon kuma akwai tsaga daga taga zuwa ƙasa, na sa ɗan yatsana ya shige.

Injiniya ya sauka ta wani gefe, ya tona ƙasar da makullin mota, ya murza ta a hannu, ya hau yana haki. Ya ja ni nesa da Malama.

"Hajiya, in aka fara zuba duwatsu a gindin nan kafin marka, gidan zai tsaya. Ba wani babban aiki ba ne a yanzu."

"In an wuce marka fa?"

Ya goge hannunsa a wando. "Kada ki sa ni alkawari."

Watau shiga kundin kaɗai ba ta isa ba. Sai ya shiga shekarar farko.

Talata da safe na nemi kansilan mazaɓar Malama. Na same shi a rumfar mai shayi a bakin kasuwar Samaru, ɗalibai na ta wucewa suna haɗa Hausa da Turanci. Na zata zan tarar da mugu, har na shirya masa kalmomi tun daga gida. Sai na tarar da mutum mai ladabi, ya tashi ya ba ni benci, ya ce a kawo mini shayi. Na ce ba shayi ya kawo ni ba. Na shimfiɗa masa maganar, na ce ya cire ɗaya cikin ukunsa ya sa kwazazzabon.

"Hajiya, Mama ai ta koyar da yayata, ba baƙuwa ba ce a wurina. Amma ke kika ce a tara jama'a su ɗaga hannu. Na tara, sun ɗaga. Wanne zan cire? Transfoma? Ki zo in tara miki su, ki gaya musu da bakinki."

"Onarabul, gida ne zai faɗi da mutum a ciki!"

"Na sani. Amma ruwan daga ina yake gangarowa? Daga ƙetare. Ki je wurin ɗan'uwana, in ya sa hannu ni ma zan sa a ƙasan nasa."

"Gurbin sa hannu ɗaya ne."

Ya buɗe tafukansa biyu ya dube ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na hau bas zuwa Sabon Gari, inda kansilan ƙetaren yake da shagon kayan mota. Zafi ya taso irin na kafin hadari, kwandasta ya cusa mu biyar a kujerar mutum huɗu, fayil ɗina a kan cinya yana jiƙewa da gumi. Sai da na zagaya layin 'yan kayan mota sau biyu kafin wani maƙwabcinsa Ibo ya nuna mini shagon, yana tsokanata da Turancin buroka wai ko haraji na zo karɓa da wannan fuska. Kansilan yana kan kujera yana duba wani tsohon kafireto. Shi bai ma tashi ba.

"Madam, kin je ɓangarena na ramin kin duba? Me kika gani?"

"Gonar masara."

"To. Gida nawa ne a wurin? Ko ɗaya. Ramin nasu ɓangaren yake ci. Ni in na ɗauki gurbina ɗaya na kai wa mutanen da ba su zaɓe ni ba, ranar da na koma unguwa da me zan kalli nawa?"

Nan fa bakina ya kwance. Na ce masa kujerar da yake kai ba ta gadon gidansu ba ce, na ce ranar da aka tono tsohuwar nan daga ƙarƙashin bulo ina fata zai zo jana'iza da babbar riga. Mutane suka fara taruwa a ƙofar shagon. Ya bari sai da na gama, ya ajiye kafireton a hankali.

"Allah ya huci zuciyarki, Madam. Amma fom ɗin nan ba ni na yi shi ba."

Na kwashi fayil ɗina na fito. Gaskiya ya faɗa.

Laraba na shiga wurin darakta. Na yi sallama, na gaishe shi har da tambayar iyali, abin da rabona da yi har na manta. Ya saurare ni yana juya biro a kan tebur. Da na gama ya yi wani ɗan murmushi wanda har yau ban manta da shi ba.

"Ikon Allah. Ashe ke ma kina da surukai."

"Ranka ya daɗe, ba surukata ba ce. Gidan zai rufta."

"An rufe, Hajiya. Wa ya faɗa? Tuna mini."

Na haɗiye. Ranar na gane ashe ina iya haɗiye magana in ta kama. Na ce na yi kuskure, a fom ɗin da kuma a yadda na yi masa magana, ya yafe mini. Ba mugu ba ne shi ma, na dai taɓa masa inda ke ciwo. A ƙarshe ya ce hanya ɗaya ce ta rage: gobe in an gabatar da kundin, in miƙe a gaban majalisa in ce akwai gyara. Shi ba zai hana ni ba, ba kuma zai buɗe baki ya taya ni ba. Ya ce in sani, da zarar na buɗe ƙofar, kowane kansila yana da 'yar takardarsa a aljihu tana jira.

Na koma ofishina na rufe ƙofa. Kundin yana cikin kwamfutata, ba kowa ke da shi ba sai ni. Layi ɗaya zan ƙara a tsakiyar shafi na goma sha wani abu, wa zai lura? Har na buɗe shafin, har na rubuta rabin kalmar. Sai na tuna haka waɗancan suke yi, kowa da dalilinsa mai kyau a bakinsa. Kuma in aka gano, wanda za a fara jefarwa waje shi ne kwazazzabon, ba zai sake shiga ba har abada. Na goge. Ta taga ina ganin hadari yana haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi, sannan iska ta watsa shi. Na ce Allah ka ƙara mana kwana ɗaya.

Alhamis zauren majalisa ya cika. Ciyaman a sama, kansiloli a jere hagu da dama, mu ma'aikata a baya a kujerun roba. Babu wuta, fankoki a tsaye, kowa yana fifita da takardar ajanda. Darakta ya gabatar da kundin, ya yaba wa sashenmu, har ya ambace ni. Aka tafa. Ciyaman ya cire murfin alƙalaminsa ya tambaya ko akwai mai magana. A daidai lokacin iska ta bugo tagogi, ɗakin ya yi duhu, na ji ɗigon farko a kan kwano.

Na miƙe.

"Ranka ya daɗe, akwai kuskure a kundin nan, kuma nawa ne."

Kafin in kai jimla ta uku ruwan ya kece. Rufin zauren kwano ne ba sili, dole na ɗaga murya kamar mai talla. Na ɗaga taswira, na nuna layin, na ce ga rami yana cin gidan mutum, ba ya cikin mazaɓar kowa saboda ni ban bar masa gurbi ba. Na kira injiniya ya shaida, ya miƙe ya faɗi abin da ya faɗa mini, kalma biyar ko shida, ya zauna. Duk maganar da nake yi, rabin hankalina yana Samaru.

Abin da darakta ya faɗa kuwa ya faru. Wani kansila ya zabura ya ce in an buɗe, shi ma yana da gada. Wani ya ce ashe dokar ta talakawa ce, in ta zo kan na gida sai a lanƙwasa ta. Wani daga can ƙarshe ya ce a tambaye ta mana, matar 'yar uwarta ce ko me? Na juya zan ba shi amsar da ta dace da shi, sai na ji injiniya ya ja gefen mayafina. Na fasa. Kansilolin biyu da abin ya shafa kowa ya sunkuyar da kai yana karanta ajanda kamar yau ya fara ganinta.

Ciyaman ya buga tebur. Mutum ne mai sanyin magana, sai da aka yi tsit sannan aka ji shi a cikin ƙarar ruwan. Ya ce ba za a buɗe wa kowa ba. Amma abin da ke kan iyaka, wanda fom bai ba shi hanyar shigowa ba, wannan daban ne. A ƙara shafi ɗaya na ayyukan kan iyaka, a sa kwazazzabon, shi kaɗai. Alhamdu lillahi! Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Har na fara zama.

"Tsaya, Hajiya," ya ce. "Wace shekara?"

"Ta farko, ranka ya daɗe. Kafin marka."

Ya girgiza kai. Ya ce shekarar farko ta cika maƙil, ni ma na sani, abin da ke hannun hukuma ba zai ɗauki ƙari ko na tsinke ba. Ta biyu ma haka. Inda ke da sarari sai ta uku. In ina son ramin ya shiga ta farko, dole wani aiki ya tashi ya koma ta uku.

"Ke kika san kundin nan fiye da kowa a ɗakin nan. Faɗi wanda za a ɗaga, in ɗaga shi yanzu."

Ba tarko ya ɗana mini ba, da gaske yake. Na buɗe shafin shekarar farko. Matsalar ita ce babu aiki ɗaya a ciki da ban je na gani da idona ba. Rufin ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti a hanyar Basawa: na shiga ana ruwa, na ga an tara roba a gefen gadon mace tana naƙuda. Transfomar layin masu walda da injin niƙa a Chikaji: na ga magidanta zaune a ƙofar shagunansu hannu a haɓa, wata da watanni. Burtsatsen unguwar da mata ke bin layin rijiya ɗaya tun asuba. Azuzuwan da iska ta yaye, yara suna karatu a gindin dalbejiya. Kwatar kasuwa da ke malalowa cikin rumfunan masu kayan miya. Yatsana ya gangara har ƙasa, ya hau, ya sake gangarowa. Duk inda ya tsaya sai in ga kansilan wurin ya ɗago kai, in kuma ga fuskokin da na gani a can.

Na ce a raina, faɗi kwatar kasuwa mana, ba wanda zai mutu don kwata. Na buɗe baki. Sai na tuna matar da ta riƙe hannuna a kasuwar ta nuna mini ƙafarta da ruwan kwatar ya cinye. Na ce to transfoma. Na sake buɗe baki. Ni da ake cewa ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ni da na tara wa mutum jama'a a shagonsa shekaranjiya, na tsaya a gaban majalisa baki buɗe kamar wadda aka ɗaure wa harshe. Ciyaman ya jira ni. Ya jira fiye da yadda ya kamata, Allah ya sani. Ba a jin komai sai ruwa.

"To," ya ce a hankali. "Shekara ta uku."

Ya sa hannu.

Ban tsaya addu'ar rufe taro ba. Ruwa ya tare hanya a Kwangila, motoci sun yi cirko-cirko, sai da na sauka na taka da ƙafa, takalmi a hannu, kafin na samu ɗan acaɓa da ya yarda ya kai ni. Duk tsawon hanyar ina shirya abin da zan ce. Zan ce majalisa ce ta yanke. Zan ce ciyaman ne. Ba ƙarya ba ce ma, in aka bi ta wani gefen.

Na isa ruwan ya tsagaita. Tun daga bakin lungu nake jin rurin kwazazzabon. Na leƙa baya kafin in yi sallama. Buhunan yashin babu ko ɗaya, gwaibar ma ta tafi, jan ruwa yana ta tumbatsa a ƙasa. Bangon yana tsaye. Ban auna ba, ban iya ba.

Malama tana ƙofar falo da ɗankwali a ɗaure, ta ga yadda na jiƙe.

"An saka, Malama. Har shafinsa aka ba shi shi kaɗai."

"Madalla. Yaushe za su fara?"

"An sa shi a shekara ta uku."

Ta gyaɗa kai kamar na ba ta amsar lissafin da ta riga ta sani. "Wa ya ce ta uku?"

Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Wannan matar ba a yi mata ƙarya, tun muna 'yan shekara tara muka san haka. Na gaya mata komai. Na ce an ba ni zaɓi a gaban kowa, aka ce in ɗaga aiki ɗaya gidanta ya shiga, na kasa. Na ce ni ce, Malama, ba kowa ba ne.

Ta tambaye ni me da me ke cikin shekarar farkon. Na lissafa mata, tana saurare ido a rufe.

"Ɗakin haihuwar nan har yanzu yana yoyo?"

"Yana yi."

Ina jira ta ce na kyauta, ko ta ce na ci amanarta, ko wanne ne zan ɗauka in samu abin riƙewa. Ba ta ba ni ko ɗaya ba. Ta juya ta dubi ƙofar ɗakin kwanan.

"Ajiye jakar nan. Zo ki kama mini gado."

Ɗakin bai ga ƙarshen markar shekarar ba. Wata safiya ya zame ya tafi da tagarsa da labulensa, ba kowa a ciki. Amma a ranar nan yana nan, yana warin danshi, hoton bikinsu a rataye a bangon da ya tsage. Gadon ƙarfe ne irin na da, mai nauyin tsiya, wanda mijinta ya saya mata, tun da aka gina ɗakin bai taɓa motsawa ba. Muka sauke katifa, muka ja ta zuwa falo. Muka dawo, ta kama kai na kama ƙafa. Da muka ɗaga, ƙafafunsa huɗu sun bar gurabensu a siminti. A bakin ƙofa ya ƙi wucewa, sai da muka karkata shi, ƙarfen ya murje mini yatsa. Ban san ina kuka ba sai da na daina ganin gabana.

"Ke," ta ce tana haki, "ɗaga ɓangarenki. Kina jan shi a ƙasa."